Amsoshin Takardunku: Me Ya Sa Bulo Ke Marmashewa?

 Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu a Funtuwa. Ya ce bara ya sayi bulo ya kewaye filinsa, damina ɗaya ta wuce, sai ga katanga tana zubar da yashi, ko da farce ka ƙanƙara sai ta marmashe. Alhali kuwa mai bulon ya rantse masa cewa sai da ya sha rana ya bushe ƙayau. Shi ne yake tambaya, ina laifin yake?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Amsar tana cikin rantsuwar da aka yi maka. Shi bulo ba tubalin ƙasa ba ne, wanda rana ke ba shi ƙarfi. Bulo da ruwa yake ƙarfi.

Ga yadda abin yake. Irin simintin da muke amfani da shi, wani magini ne Baturen Ingila mai suna Joseph Aspdin ya yi rajistarsa a 1824. In aka jiƙa siminti, haɗuwa yake yi da ruwan, su rikiɗe su zama wani abu mai tauri da ke ɗaure ƙwayoyin yashi. Wannan aiki kuwa a hankali yake tafiya, shi ya sa injiniyoyi ke auna ƙarfin kankare bayan kwana 28. In ruwan ya tsere tun ranar farko, aikin ya tsaya ke nan. Ka ga bulo fari tas a ido, ciki kuwa gari ne. Mu nan da ke da zafin bazara da busasshiyar iskar hunturu, abin ya fi saurin faruwa. Saboda haka a riƙa yi wa sabon bulo ban ruwa safe da yamma, aƙalla kwana 7, a rufe shi da buhuna ko a ajiye shi a inuwa.

Sai laifi na biyu, wato ƙwauron siminti. Buhu guda kilo 50 ne, kimanin kwanon sarki biyu. Haɗin da aka fi yarda da shi, awo ɗaya na siminti a awo shida na yashi, watau kwano 12 ga buhu. To wani don son riba sai ya yi ta laftar yashi, ya ninka adadin bulon da buhu ya kamata ya ba shi. Arha dai ba ta ado.

Na uku shi ne yashin kansa. A nemi na kogi mai tsabta, wanda ba laka. Zuba kaɗan a kwalba, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye. Yashi zai kwanta ƙasa, laka ta hau kansa. In ta yi kauri, bar shi.

In za ka saya kuwa, je wurin bugun da kanka. Tambayi ranar da aka buga, ka ga ko ana ban ruwa. Karta shi da ƙusa, ƙwanƙwasa ka ji ƙara, ka dubi gefuna ko sun gutsure. Mai inci 9 shi ne na bangon da zai ɗauki nauyi, mai inci 6 a bar shi ga bangon raba ɗakuna.

Katangar taka kuwa, Malam, kira magini ya duba kafin wata damina. In sama-sama ne, shafen siminti zai tare ruwa. In ta tsage ko ta karkata, a sauke ta, don yara a gindin katanga suke wasa.

Sai kuma mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da aiko mana da takardu. Mu kwana lafiya.