Gwajin CA-125: Sakamako mai kyau ba ya kore kansar ƙwan mace

Idan likita na zargin kansar ƙwan mace, yakan tura majiyyaciya gwajin CA-125, wani sinadarin furotin da ƙwayoyin cutar kan zuba cikin jini. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar adadin da bai kai 35 U/mL ba a matsayin daidai.

Sai dai adadin shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Haila, juna biyu, ƙarin mahaifa, ciwon hanta da tarin fuka na ciki duk suna iya ɗaga shi alhali babu kansa. Akasin haka ya fi haɗari: kusan rabin matan da cutar ke matakin farko, sakamakonsu kan fito daidai. Don haka macen da ta yi makonni cikinta na kumburi, tana saurin ƙoshi ko yawan fitsari, bai kamata takardar gwaji ta hana ta komawa asibiti a yi mata hoton ciki ba.

Gwajin ya fi amfani bayan an tabbatar da cutar. Saukar adadin alama ce ta magani na ci, hauhawarsa a gwaje-gwaje a jere kuma na iya nuna cutar ta dawo.