Idon Kyanwar Gidanku: Ku Duba Tun Kafin Ya Yi Fari



Makon jiya wata baiwar Allah ta zo mini da ɗan kyanwa a kwali, idonsa ɗaya ya yi fari fat. Ta ce kwana goma tana sa masa kwalli da zuma. Niyyarta alheri ce, amma idon ya riga ya lalace. Na ce mata, Hajiya, shekaruna da yawa ina harkar itatuwa, amma wannan aikin likitan dabbobi ne.

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. To, wadda ke kwana a tsakar gidanku amana ce a wuyanku, har da lafiyarta.

Ku riƙa duba idonta da safe, a cikin haske. Lafiyayyen ido a buɗe yake, garau, ba ja. Idan kun ga hawaye ba ya tsayawa, ko kwantsa mai ruwan ɗorawa, ko tana runtse ido ɗaya tana sosa shi da ƙafa, akwai matsala. Haka in wata farar fata ta taso daga lungun ido ta rufe rabinsa. Sau da yawa mura ce ta kyanwoyi, shi ya sa za ku ji atishawa tare da ita. Wani lokaci kuma farce ne ya karce idon wajen faɗa, ko ƙurar hunturu. 'Ya'yan kyanwa kan buɗe ido tsakanin kwana 7 zuwa 14. In fatar idon ta kumbura da mugunya kafin nan, kada a kwana.

A gida, abin da za ku yi kaɗan ne: ruwan da aka tafasa ya huce, da auduga mai tsabta, kowane ido da tasa. Sannan ku wanke hannu da sabulu.

Don Allah, ban da ɗiga mata ragowar maganin idon mutane. Wasunsu na ɗauke da sinadarin da ke ƙara zurfafa gyambon ido. Likita yakan fara ɗiga wani rini da ke bayyana ciwon kafin ya zaɓi magani. Farasitamol kuwa guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

In ido ya runtse ko ya fara hazo, ku kai ta asibitin dabbobi a ranar.