Taliya Da Nama Irin Na Japan: Kwatan Kilo Ya Ishi Gida

Duk magidanci a zango ya san yadda ƙarshen wata yake: nama ya yi tsada, gawayi ya yi tsada, ga yara sun dawo daga makarantar allo da yunwa. A irin wannan rana ce, uwargida ta tafi biki Kumasi, na gwada wani girki na mutanen Japan da ake kira niku udon. Niku shi ne nama a harshensu, udon kuwa taliya ce mai kauri ta garin alkama da ruwa da gishiri. Da nama kwatan kilo mu biyar muka ci muka ƙoshi.

Asirin girkin yana wurin yanka. Japanawa ba su daɗe da sabawa da naman shanu ba. A shekarar 675 Sarki Tenmu ya kafa dokar hana cin naman shanu da dawaki da kaji da wasu dabbobi, aka shafe wajen shekara 1,200 ana ƙyamarsa, har 1872 da Sarki Meiji ya ci, jama'a suka bi. Da yake da tsinke biyu suke cin abinci, sai suke yanka naman fale-fale kamar takarda. Nama in ya yi haka cikin minti biyar yake nuna, kuma kowace loma sai an dace da shi. Don haka a ce wa mahauci ya fere shi kamar zai yi kilishi, ya bar ɗan kitse a jiki.

Ga kayan da za a tanada: nama kwatan kilo, taliyar kanti leda ɗaya, irin wadda ake zubawa a kan wake da shinkafa, albasa 2, ɗanyar citta kamar babban yatsa, ganyen albasa, busasshen kifi ƙanana tafin hannu ɗaya, sukari cokali 2, sai shoyu cokali 6. Shoyu shi ne baƙin ruwan nan da 'yan kanti ke kira soya sos. Da waken suya da alkama da gishiri ake yin sa, a bar shi watanni yana tsimuwa, kusan yadda daddawa take samun ƙamshinta.

Da farko a dafa kifin cikin ruwa kofi 6 na tsawon minti goma, a tace, a zuba shoyu cokali 3. Wannan shi zai tsaya a madadin romonsu da suke kira dashi, wanda suke yi da ganyen teku da busasshen kifi. A wata tukunya a dafa taliya, a tsane ta tun ba ta yi luguf ba. Sai a soya albasa da citta a ɗan mai, a zuba nama a baza shi, da ya sauya launi a sa sukari da sauran shoyu da ruwa rabin kofi, a bar shi minti biyar. A zuba taliya a kwano, a kwarara romo da zafinsa, a ɗora nama, a barbaɗa ganyen albasa. Duka aikin bai wuce rabin awa ba.

Akwai abu biyu da za a kiyaye. Na ɗaya, a Japan ana sa wa girkin nan sake da mirin, dukansu kuwa giyar shinkafa ce. Musulmi ya bar su, sukari ya wadatar. Shi ma shoyu a karanta jikin kwalba, a nemi mai tambarin halal. Na biyu, kada a sa gishiri sai an ɗanɗana. Ni ran farko na watsa shi bisa al'ada, muka kwana muna shan ruwa. Mai son yaji ya barbaɗa a kwanonsa, domin su ma suna da garin barkono da suke ajiyewa kusa da kwanon taliya.

Kada wani ya ce abincin baƙi ne, me ya haɗa mu? Ai Japan ta daɗe a tukunyarmu. Farin magi, wato Ajinomoto, wani malamin jami'ar Tokyo mai suna Kikunae Ikeda ne ya gano sinadarinsa a 1908, cikin ganyen tekun nan na romo. Taliyar leda mai nuna nan take, wadda yaranmu ke kuka a kanta, Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro ta a yankin Osaka a 1958. In ita ce a gida ma za ta yi, sai dai a ajiye ƙullin maginta, romon kifi ya fi shi.

Hausawa sun ce da babu gara ba daɗi, amma wannan kam da daɗinsa. Iyayenmu mata su gwada, mu ma maza kada kunya ta hana mu kusantar murhu ran da larura ta kama. Wanda ya gwada ya aiko mana da labarin yadda ta kaya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.