Hubert Ogunde: Mawaƙin Dandamali da Hukumomin Zamaninsa



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu dubi rayuwar Hubert Ogunde da kiɗansa, wato mutumin da ya fara mayar da wasan kwaikwayo na zamani sana'ar da ake ci da ita a Nijeriya. Irin wasansa shi ne wanda waƙa da kiɗa da rawa suke ɗauke da labarin tun daga farko har ƙarshe, kuma shi da kansa yake tsara labarin, ya shirya waƙoƙin, sannan ya hau dandamali ya jagoranci rerawa. Tambayar da za mu riƙe ita ce: me ya sa hukumomi iri biyu, ta Turawan mulkin mallaka da ta 'yan ƙasa bayan samun mulkin kai, kowace ta ga wajibi ne ta hana wasan mutumin da ba shi da jam'iyya, ba shi da jarida, sai ganguna da mawaƙa?

Asalinsa da tushen kiɗansa

An haifi Ogunde a shekarar 1916 a garin Ososa, kusa da Ijebu-Ode a ƙasar Yarbawa. Mahaifinsa mabiyin addinin Kirista ne na ɗarikar Baftis, kakansa na wajen uwa kuwa malamin duba ne na addinin gargajiya. Saboda haka yaron ya tashi yana jin waƙoƙin coci a gefe guda, a ɗaya gefen kuma yana jin kiɗan ganguna da kirarin gargajiya. Ya koyar a makarantar firamare, yana kuma kula da mawaƙan coci, kafin ya shiga aikin ɗan sanda a 1941.

Akwai wata matsala da mai jin Hausa zai fahimta nan take. Yarbanci, kamar Hausa, harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya kan sauya ma'anar kalma. Waƙoƙin coci da aka fassaro daga Turanci sun zo da karinsu na Turai, sai ya zamana muryar waƙar ta hau inda kalmar take bukatar sauka, ma'ana ta jirkice. Mawaƙan coci na Yarbawa sun daɗe suna neman mafita ta hanyar ƙirƙiro waƙoƙin da karinsu yake bin karin harshe. A kan wannan turba Ogunde ya gina kiɗansa, ya haɗa ta da al'adar 'yan wasan Alarinjo, waɗanda tun zamanin daular Oyo suke yawo gari gari suna wasa da abin rufe fuska.

Daga coci zuwa sana'a

A shekarar 1944 wata majami'a ta ɗarikar Aladura a Legas ta nemi ya shirya mata wasa don tara kuɗin gini. Ya shirya wasan waƙa a kan labarin Annabi Adamu da Hauwa'u, aka nuna shi a zauren Glover. Karɓuwar da wasan ya samu ta sa bai daɗe ba ya ajiye kakin ɗan sanda, ya kafa ƙungiyarsa mai suna African Music Research Party, yana biyan 'yan wasansa albashi. Samun mata 'yan wasa ya yi masa wuya, domin iyaye suna ɗaukar hawa dandamali zubar da mutunci ne, har ta kai ya auri da dama daga cikin matan ƙungiyar, gidansa ya zama shi ne kamfaninsa.

A 1947 ya tafi Ingila ya ga yadda ake shirya wasanni, ya kuma koyi wasu raye-rayen Turawa. Bayan dawowarsa ya ƙara kayan busa irin na badujala a kan gangunan Yarbawa, ya riƙa cakuɗa Yarbanci da Turanci domin waɗanda ba Yarbawa ba su iya bin labarin. Tsarin wasan nasa ya daidaita kamar haka: waƙar buɗewa da rawa don jawo hankalin 'yan kallo, sai labari, wanda waƙoƙi suke ratsa shi a duk inda magana ta yi nauyi, sai waƙar rufewa mai ɗauke da darasin wasan. Ƙungiyar tana yawo a babbar mota, ta zaga Nijeriya, ta kai har Gwalkwas, wato Ghana ta yau.

Karo da Turawan mulki

A tsakiyar 1945 ma'aikatan Nijeriya suka shiga yajin aikin gama-gari na fiye da kwana 40, suna neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa. Ogunde ya mayar da wannan al'amari wasa mai suna Strike and Hunger, wato yajin aiki da yunwa. Da ya kai shi Jos a 1946, 'yan sanda suka tsayar da wasan, aka ci shi tara. A ranar 18 ga Nuwamba 1949 kuma, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu haƙar kwal a Iva Valley kusa da Inugu, suka kashe mutum 21. A shekarar da ta biyo baya ya fito da Bread and Bullet, wato burodi da harsashi, wanda aka hana nuna shi a Kano sa'ad da ya zo rangadi Arewa.

A nan ne amsar tambayarmu ta fara bayyana. Jaridun 'yan kishin ƙasa sun rubuta abin da ya fi wannan zafi, amma jarida sai mai karatu, kuma masu karatun boko a lokacin ƙalilan ne. Waƙa kuwa ba ta bukatar makaranta. Lebura ko 'yar kasuwa da suka ji amshi sau biyu a zaure za su fita da shi a bakinsu, washegari a ji shi a tasha da bakin famfo. Ana iya ƙwace bugun jarida, amma babu ɗan sandan da zai iya ƙwace amshin da ya riga ya shiga bakin jama'a.

Karo da gwamnatin 'yan ƙasa

Bayan samun mulkin kai a 1960, rikici ya ɓarke a jam'iyyar Action Group a 1962 tsakanin Cif Obafemi Awolowo da Firimiyan Jihar Yamma, Cif Samuel Ladoke Akintola, kuma a 1963 aka yanke wa Awolowo ɗaurin shekara 10. A 1964 Ogunde ya nuna wasan Yoruba Ronu, ma'ana Yarbawa ku yi tunani, labarin wani sarki da mataimakinsa ya ci amanarsa. Ba a ambaci sunan kowa ba, amma kowa ya gane inda aka dosa. Gwamnatin Akintola ta hana ƙungiyar wasa a duk faɗin Jihar Yamma, inda mafi yawan 'yan kallonta suke. Ogunde ya mayar da martani da wani wasan, Otito Koro, wato gaskiya ɗaci gare ta. Hanin bai tashi ba sai a 1966, lokacin da gwamnan soja Adekunle Fajuyi ya janye shi.

Adalci ya wajabta mu faɗi cewa a wannan karon Ogunde ya ɗauki ɓangare a rikicin siyasa, kuma mutum yana iya saɓa masa a ra'ayi. Abin lura dai shi ne, hanin ya jawo masa asarar kuɗi, amma waƙar ta ƙara yaɗuwa a faifan garmaho, har yau kuma ita ce aka fi tunawa da shi da ita.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1967 ƙungiyarsa ta wakilci Nijeriya a bikin baje kolin duniya na Montreal a Kanada. Daga ƙarshen shekarun 1970 ya juya ga fim, ya fitar da Aiye da Jaiyesimi da wasu. A 1986 gwamnatin tarayya ta ɗora masa nauyin haɗa ƙungiyar wasanni ta ƙasa. Aikinsa na ƙarshe shi ne fitowa a fim ɗin Mister Johnson, wanda aka ɗauka a Arewacin Nijeriya. Ya rasu a Landan ranar 4 ga Afrilu 1990, ya bar wasanni fiye da 50.

Kammalawa

Ga ɗalibai, aikin Ogunde ya nuna cewa mai nazarin tarihin siyasar ƙasar nan da ya tsaya ga takardun ofis da jaridu kawai ya bar rabin shaida a baya, domin abin da talaka ya ji game da yajin 1945 ko kisan Iva Valley yana cikin waƙoƙin da ya rera. Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, wata rana takardar neman hana wani wasa ko wata waƙa za ta iya zuwa teburin ɗayanku. Kafin a sa hannu, ya kamata a tuna cewa an hana Ogunde a Jos da Kano da Jihar Yamma, ba a kuwa kashe ko waƙa ɗaya ba, sannan daga baya gwamnati da kanta ta nemo shi ta danƙa masa ƙungiyar ƙasa. Tafin hannu ba ya rufe rana. Abin da ya fi amfani ga hukuma shi ne ta saurari waƙar, ta binciki koken da ya haife ta.