Kafin Ka Ɗaure Kaya: Ina Za Ka Sauke Kuɗinka?

Duk shekara, musamman gabanin babbar Salla da ƙarshen Disamba, unguwanninmu irin su Nima da Mamobi da Aboabo kan cika da 'yan'uwa da suka sauka daga Jamus, Ingila, Amurka da Saudiyya. Wasu hutu ya kawo su. Wasu kuwa sun zo ke nan, sanyi ya ishe su, sun ce a gida za su ƙarasa. Da waɗannan na biyun nake magana a wannan wata. Za ka ga Boga ya shekara biyu yana shirin kwantena da mota da firji, amma batun inda zai zuba gumin shekara ashirin sai ya bar shi har ranar da ya sauka. To, a nan gizo ke saƙar.

Kafin ka tambayi wane banki, tambayi kanka da wane irin kuɗi za ka yi ajiyar. Masu shekaru sun tuna 2007, lokacin da aka soke sifiri huɗu, tsohuwar sidi 10,000 ta koma sabuwa ɗaya, ta tsaya kusan kafaɗa da kafaɗa da dala. A farkon 2022 dala ɗaya tana wajen sidi 6. Kafin Nuwamban shekarar ta haura 14 a hannun 'yan canji, tsadar kaya kuma ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba. Mu yi ɗan lissafi irin na aji. Wanda ya canza dala 20,000 a Janairu ya karɓi sidi 120,000. Da zai koma ya sayi dala da su a Nuwamba, ko 9,000 ba zai samu ba. Sai dai kada wani ya ce ai shi ke nan, dala ce magani. A 2025 abin ya juya: dala ta faɗo daga wajen sidi 15 zuwa kusa da 10 cikin 'yan watanni, wanda ya rungume ta ya wayi gari wajen sulusin ƙarfin kuɗinsa ya tafi. A ganina, abin da za ka kashe cikin shekara guda, wato abinci, kuɗin makaranta da siminti, shi ne za ka mayar sidi. Sauran ka bar shi yadda ka same shi, kana canzawa kaɗan-kaɗan gwargwadon buƙata.

Dokar canjin kuɗi ta 2006 ta ba ka damar yin haka a nan gida, amma asusun kuɗin waje iri biyu ne, kuma mutane da yawa na rikita su. Akwai wanda bankuna ke kira FCA, wanda ake cika shi da kuɗin da aka aiko daga waje, mai shi kuma yana da 'yancin mayar da su waje in ya so. Akwai FEA, na kuɗin wajen da aka samu ta harkar cikin ƙasa, kamar mai fitar da kaɗanya ko koko, shi kuwa fitar da kuɗi daga cikinsa na da ƙa'idoji da takardu. Mai dawowa da tarin ajiyarsa, FCA ne nasa. Ka faɗa wa ma'aikacin banki da bakinka, ka kuma duba abin da aka rubuta a takardar kafin ka sa hannu. Ka tambayi nawa suke cira idan kuɗi ya shigo, nawa idan za ka karɓi dala a hannu, da farashin da suke canji da shi, don wani lokaci ɗan bambancin canjin ya fi duk sauran caji ciwo.

Yanzu sai zaɓen banki. Wanda ya bar ƙasa kafin 2017 ya sani cewa wasu sunayen da ya bari babu su. A Agustan 2017 Babban Bankin Gana ya rufe UT da Capital, aka miƙa ajiyarsu ga GCB. A Agustan 2018 aka haɗe wasu biyar, ciki har da uniBank da Beige, aka kafa Consolidated Bank. A 2019 aka soke lasisin ƙananan kamfanonin bashi 347, sannan wasu gidajen ajiya da lamuni 23. Masu ajiya a manyan bankunan sun sami kuɗinsu a sabon gida. Na ƙananan kuwa sun sha jira da zirga-zirga. Ban ma kawo maganar Menzgold ba, wanda ba banki ba ne ko kaɗan, amma ya ci kuɗin mutane da yawa har aka dakatar da shi a 2018. Duk wanda ya yi maka alkawarin ribar da ta fi ta kowa, ka nemi ganin sunansa a jerin masu lasisi na Babban Banki tukuna.

Akwai kuma abin da Boga ya saba da shi a can wanda zai iya ruɗinsa a nan. A Jamus, idan banki ya rushe, doka ta tsare wa mai ajiya har yuro 100,000. A Amurka dala 250,000 ne. Mu ma muna da hukumar kare ajiya, amma da ta fara aiki a 2019 iyakar da aka sa ita ce sidi 6,250 a banki, 1,250 a ƙananan gidajen ajiya, kuɗin da ba zai rufa maka ɗaki da falo ba. Ka tambayi bankinka inda iyakar ta tsaya a ranar da za ka buɗe, kuma in kuɗin na da kauri, ka raba shi gida biyu. Wanda ba ya son ruwa a kan kuɗinsa saboda addini, asusun yau da kullum mai littafin cak ya ishe shi.

Batun takardu gajere ne. Tun 1 ga Yulin 2022 Ghana Card ne shaidar da bankuna ke karɓa daga ɗan ƙasa, lambarsa kuma ita ce lambar harajinka. Layin waya ma da shi ake rajista, ba layi kuwa ba MoMo, ba MoMo kuwa ko mai waake sai ta yi maka kallon baƙo. An soke harajin tura kuɗi ta waya a Afrilun 2025, saboda haka ka zaɓi bankin da ke haɗuwa da wayarka ba tare da wahala ba. In ka zo hutu kafin dawowar gaba ɗaya, yi katin a wannan zuwan, ka buɗe asusun, ka gwada aiko da ɗan abu kaɗan ka ga kwana nawa zai yi a hanya. Amma kada ka buɗe ka manta da shi, domin asusun da ya shekara biyu ba motsi ana sa shi cikin jerin waɗanda suka kwanta, tashinsa kuma sai ka bi layi da takardu.

Kada ka yi saurin rufe asusunka na can. Ragowar haraji, kuɗin ajiyar haya da fansho duk kan biyo baya bayan ka tafi. Ka tambayi bankin ko yana riƙe wanda ya koma zama Afirka, don wasu ba sa yi, kuma ka tuna lambar sirrin da suke aikowa ta waya ba za ta same ka ba in ka yar da layin can. Masu fanshon Jamus kan cika takardar shaidar suna raye duk shekara. Masu fanshon gwamnatin Ingila kuwa su sani, wanda ya koma Gana da zama ba a yi masa ƙarin shekara-shekara, abin da ya taho da shi a nan yake tsayawa.

Saura abin da ba ma son faɗa a bainar jama'a. Da yawa kan tura kuɗi asusun ƙane ko ɗan 'yar'uwa, a ce ai gida ɗaya ne. A idon banki, wanda sunansa ke kan asusu shi ne mai kuɗi. In ya rasu, kuɗin ya shiga gadonsa, kai kuma ka koma mai roƙon magada. Buɗe da sunanka, in ya so ka ba wanda ka amince da shi izini a rubuce, da iyakar abin da zai iya cira. Kuma in ka nace sai ka ɗauko kuɗi a jaka, abin da ya kai yuro 10,000 sai ka bayyana wa kwastan kafin ka fita daga Turai, a nan ma abin da ya haura dala 10,000 sai ka cika takarda a filin jirgi. Ka adana wannan takardar, banki zai tambaye ka ita ranar da ka je zubawa.