Ciwon 'yan wasan tanis da ke addabar ma'aikatan Sharada, Challawa da Bompai

Akwai ciwon gwiwar hannu da likitoci ke laƙaba wa sunan wasan tanis, amma akasarin masu fama da shi ba su taɓa riƙe faifan buga tanis ba. A Kano, irin ayyukan da ke haddasa shi sun cika masana'antun Sharada, Challawa da Bompai.

Ciwon na tasowa ne a gefen gwiwar hannu na waje, inda jijiyar da ke ɗaga wuyan hannu ta manne da ƙashi. Yawan maimaita aiki iri ɗaya kan sa jijiyar ta riƙa tsagewa kaɗan-kaɗan, har mutum ya kasa ɗaga buta ko murɗa mabuɗin ƙofa ba tare da raɗaɗi ba. Wani likita ɗan Ingila, Henry Morris, ne ya danganta shi da tanis a 1882. Ana ƙiyasin yana kama mutum ɗaya zuwa uku cikin kowane ɗari na manya, galibi masu shekara 30 zuwa 50.

A fagen tanis, irin filin da ake wasa a kai na sauya abin da hannu ke ɗauka. Fili mai tauri, kamar na gasar US Open a Amurka ko gasar Dala Hard Court a Kano, yana mayar da ƙwallo da sauri, don haka girgizar kowane bugu na ratsa hannu. Filin jar ƙasa na Roland Garros a Faransa yana rage gudun ƙwallo, amma musayar bugu kan yi tsawo, hannu ya maimaita motsi sau da yawa. A filin ciyawa na Wimbledon kuwa ƙwallo na zamewa ƙasa-ƙasa, ɗan wasa ya riƙa bugu cikin gaggawa. Wato babu filin da ke kare gwiwar hannu ɗungurungum. Abin lura shi ne ƙarfin bugu da kuma yawansa.

Waɗannan abubuwa biyu su ne ma'aikaci ke fuskanta kullum. A majemun Challawa da Sharada, ana ɗaga jiƙaƙƙiyar fata mai nauyi ana juyawa daga safe zuwa yamma. A kamfanonin roba, ana kankare gefen bokiti da takalma da wuƙa ɗaruruwa a rana. Mai dukan ƙarfe da guduma a Bompai kuwa, ƙarfen da ke gabansa ya fi kowane filin tanis tauri.

Wani nazari da masana a Holand suka wallafa a 2009 ya alaƙanta ciwon da abubuwa uku: aiki da kayan hannu da ya haura kilo ɗaya, ɗaga kaya mai fiye da kilo 20 aƙalla sau goma a rana, da maimaita motsin hannu fiye da awa biyu kullum.

Ga leburan da ake biya kuɗin yini, hutu na nufin asarar abin cefane. Shi ya sa wasu ke dogaro da ƙwayoyin kashe zafi irin su diclofenac su ci gaba da aiki, alhali yawan shan su na iya illata ciki da ƙoda. Zuwa wurin mai ɗori ma ba mafita ba ce, domin ba karaya ba ce kuma ba targaɗe ba.

Yawancin masu ciwon na warkewa cikin shekara guda idan aka rage wa hannun wahala, aka kuma bi atisayen ƙarfafa jijiya. Ana samun masu wannan aiki a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Allurar da ake yi a gwiwar kan kawo sauƙi na 'yan makonni, sai dai bincike ya nuna ciwon ya fi dawowa ga waɗanda aka yi wa ita.

Rigakafin ba shi da tsada: a naɗe mariƙin guduma da roba, a wasa wuƙa, a daidaita tsayin teburin aiki, a riƙa yi wa ma'aikata musayar aiki.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta shafi cututtukan da aiki ke jawowa, kuma ta wajabta wa kamfani zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun NSITF. Don haka ma'aikacin da gwiwar hannunsa ta fara ciwo ya sanar da shugabansa a rubuce, ya ga likita, ya adana takardunsa.