Digirin kasuwanci da kasuwar Sara

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, akwai gardamar da kan tashi a gidaje da dama a Birnin Kudu da Gwaram. Yaro ya ce kasuwanci zai karanta a jami'a, uba ya ce ai ba a aji ake koyon kasuwa ba, ga Sara nan kusa, je ka zauna wurin kawunka ka ga yadda ake ciniki.

Sunan da yaran suka fi kafa hujja da shi shi ne Aliko Dangote. Gaskiya ne ya yi Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, ya kuma karanta kasuwanci a Jami'ar Al-Azhar ta Alƙahira. Amma akan manta da rabin labarin. Kakan mahaifiyarsa shi ne Alhassan Dantata, attajirin goro da gyaɗa da ya rasu a 1955, kuma jarin da Aliko ya fara da shi a 1977 rance ne daga dangi. Cikin fatauci ya buɗe ido, takarda ta zo ta tarar da shi. Ɗan manomi daga Gwaram ba da wannan gadon zai fito ba, gara a gaya masa tun da wuri.

To me karatun ke ƙara wa mutum? Babban abu shi ne lissafi, wato raba uwar kuɗi da riba. A ɗauki mai sayen riɗi da kaka ya ajiye sai farashi ya tashi. Yakan tuna nawa ya sayi buhu da nawa ya sayar, ya kira bambancin riba. Ba ya cire kuɗin buhunan, da la'adar dillali, da dako, da kuɗin mota, da hayar sito, da abin da ya ragu bayan an sheƙe an tsince tsakuwa. Ga cefanen gida da gudummawar biki da ake zara daga aljihu guda. Haka jari ke narkewa mai shi yana ganin yana cin riba, har ranar da ubangida zai nemi kuɗinsa. Ɗalibin da ya riƙe darasin akanta da kyau ba zai faɗa wannan rami ba.

Sai kuma sanin inda kaya ke ƙarewa. Jigawa na cikin jihohin da suka fi noman riɗi da zoɓo a Nijeriya. Riɗin kan kai Japan da Sin da Turkiyya, zoɓon kuma Meziko ce babbar kasuwarsa. Masu fitar da kaya waje suna neman kamfani mai rajista, da asusun banki, da yarjejeniya a rubuce, da kaya masu tsabta. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista shi kaɗai.

Wurin karatu bai yi nisa ba. Akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Dutse, ga kuma Jami'ar Bayero a Kano. Sai dai mai ƙin lissafi ya sani ba a shiga fannin sai da kiredit a lissafi da Turanci.

A ganina kuskuren shi ne a karanta kasuwanci don a jira aikin gwamnati. Sakatariyar ƙaramar hukuma ba za ta ɗauke kowa ba. Iyaye su bar yaro ya yi karatun, amma duk hutu a tura shi kasuwa a danƙa masa littafin shiga da fitar kuɗin kawunsa.